Idan Ruwa Ya Ci Gona, Wa Zai Yi Wa Manomi Shaida?

Jawabin Sakataren Gidauniya a taron shekara-shekara na masu bayar da zakka da waƙafi da kwamitocin masallatai

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai saukar da ruwa gwargwadon yadda Ya so, Mai jarraba bayinSa da yalwa kamar yadda Yake jarraba su da ƙunci. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Masu girma hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah Ya ja zamaninku. Malamanmu da limamanmu, Allah Ya gafarta muku. Shugaban wannan gidauniya da 'yan majalisar amintattu, iyayenmu da 'yan'uwanmu masu bayar da zakka da waƙafi, maza da mata, wakilan kwamitocin masallatai daga Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.

Bayan haka, lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita yana cikin jadawalin rahoton da ke hannunku, ba za mu maimaita shi ba. Majalisar amintattu ta umarce mu da mu yi magana a kan al'amari guda wanda kwamitoci suka fi yawan aiko mana da tambaya a kansa, wato tallafin da gwamnati ke bai wa manoman da annoba ta cinye wa amfanin gona, da kuma matsayin zakka da waƙafi a gefensa. Abin da muke son mu tabbatar a yau shi ne, tallafi yana bin sunan da ke rubuce a takarda, takarda kuma tana bin shaidar da aka bayar. Wanda ba a shaide shi ba, ko ruwa ya tafi da gonarsa da rumbunsa, babu shi a lissafi. Kuma babu wanda ya fi kwamitin masallaci cancantar ya riƙe amanar wannan shaida.

Ƙasar da muke magana a kanta

Matafiyin da ya bar titin Zariya a Kwanar Dangora ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore har ya isa ƙasar Doguwa, ba ya bukatar a gaya masa cewa yana cikin ɗaya daga cikin manyan rumbunan Jihar Kano. Masara da dawa a kan tudu, shinkafa da rake a fadama, waken suya da gyaɗa a tsakani. Nan ne ruwan sama ya fi yawa a duk faɗin jihar, daga duwatsun kudu kuma Kogin Kano yake gangarowa, ya ratsa Falgore ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo.

Sai dai ruwan da yake albarkar wannan yanki shi ne kuma jarrabawarsa. Dattawan ƙasar Bebeji ba su manta da watan Agusta na 1988 ba, lokacin da madatsar Bagauda ta ɓalle ta yi awon gaba da gonaki da gidaje. An ga babbar ambaliyar 2012 da ta game ƙasa, aka sake ganin wadda ta yi sanadin rasa rayuka fiye da 600 a Nijeriya a 2022, sannan ta 2024 wadda labarin Maiduguri ya rufe na sauran wurare, alhali ƙananan hukumomi da dama a Kano sun ɗanɗana nasu rabon. Ba ruwa kaɗai ba ne. A 2016 tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta yi ɓarnar da ta sa kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa ya tsayar da aiki don rashin abin sarrafawa, a shekarar kuma aka fara ganin baƙuwar tsutsar nan mai cin zuciyar masara. Ga ƙanƙara, ga iska mai kwantar da masara tana goyo, ga ɗaukewar ruwa a tsakiyar damina.

Abin da ya bambanta asarar yau da ta jiya shi ne tsadar noma. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin huɗa da na taki da na maganin feshi da na ƙwadago suka yi tashin gwauron zabo. Kakanninmu in fari ya same su, guminsu da irinsu suka yi asara. Manomin yau kuwa, sau da yawa da kuɗin wani ya yi noma. Idan ruwa ya ci gonar, abincin shekara ya tafi, bashi kuma yana nan yana jira a bakin ƙofa.

Ƙofofin tallafin gwamnati

Adalci ne mu faɗa cewa gwamnati tana da ƙofofin da ta buɗe domin irin wannan rana, kuma wajibi ne kowane ɗan kwamiti ya san su, ya iya bambance su.

Ƙofa ta farko ita ce agajin gaggawa. Hukumar NEMA, wadda aka kafa a 1999, ita ke riƙe da shi a matakin tarayya, SEMA kuma a matakin jiha. A bisa al'ada, rahoton ɓarna yana tashi ne daga mai unguwa da dagaci zuwa hakimi da ƙaramar hukuma, daga nan ya isa jiha, a turo jami'ai su duba su ƙiyasta, sannan a tsara abin da za a raba: abinci, kayan gini, wani lokaci iri da taki da injin ban-ruwa.

Ta biyu ita ce kuɗin da Gwamnatin Tarayya ke ware wa jihohi idan annobar ta yi girma. A watan Oktoba na 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da naira biliyan 17.6 domin waɗanda ambaliya ta shafa, aka kasa jihohi rukuni huɗu, Kano ta faɗa rukuni na biyu mai naira miliyan 400. A 2024 kuma aka sanar da naira biliyan 3 ga kowace jiha. Irin wannan kuɗi asusun jiha yake shiga, jiha ce kuma ke yanke yadda za a kashe shi.

Ta uku ita ce inshorar noma. Tun 1987 aka kafa tsarinta, hukumar NAIC ke tafiyar da shi, gwamnati tana ɗauke wa manomi rabin kuɗin da ake biya a kan amfanin abinci. Sharaɗinta shi ne a yi rajistar gonar kafin annoba ta sauka, a kuma kai rahoto da wuri idan ta sauka. Galibin waɗanda suka shiga cikinta sun shiga ne ta hanyar rancen banki, ƙaramin manomin da ya yi noma da kuɗin akuyarsa kuwa bai ma san da ita ba.

An kuma taɓa buɗe wata ƙofa da mutane da yawa suka ɗauka ta tallafi ce alhali ta rance ce. Shirin Babban Bankin Nijeriya na bai wa manoma bashin kayan noma, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba na 2015, bashi ne da ake biya. Muna roƙon limamai su riƙa fayyace wa jama'a wannan bambanci a duk lokacin da wani sabon shiri ya zo. Kafin mutum ya dangwala hannu a takarda, ya tambaya: kyauta ce ko rance? Bashi ba ya zama halal don kawai mai shi gwamnati ce.

Inda tallafin ke yoyo

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga abin da kwamitocinmu ke gani a ƙauyuka, wuri uku ne tallafin ke zubewa kafin ya isa hannun mai shi.

Na farko shi ne suna. Jami'in da ya zo daga birni yana da kwana ɗaya ko biyu ya zaga gunduma guda. Zai tambayi gonar wane ce wannan, a faɗa masa sunan mai gonar, ya rubuta. Amma wa ya noma ta? A ƙasarmu gona tana hannun mai haya, tana hannun mai jingina, tana hannun wanda aka bai wa aro. A ƙaddara wani ya karɓi hayar kadada guda a fadama, ya biya kuɗin shekara tun bazara, ya ci bashin taki, ruwa ya zo a marka ya shanye shinkafar. Mai gonar bai yi asarar ko ƙwaya ba, kuɗin hayarsa na aljihunsa, amma sunansa ne a takarda. Haka gayaunar matar aure ke ɓacewa a cikin sunan gandun mijinta. Haka marayu ke ɓacewa a cikin sunan baffansu. Ɗan ƙwadago kuwa, wanda abincinsa ya rataya a kan yankan shinkafar wasu da karyar masararsu, ba shi da gonar da za a auna, don haka ba a ma kawo shi a zance, alhali shi ne farkon wanda tukunyarsa ke daina hawa murhu. Sai kuma sharuɗɗan zamani: lambar waya, asusun banki, lambar shaidar ɗan ƙasa. An kawo su ne don a toshe ƙofar sunayen bogi, kuma manufa ce mai kyau, amma tsohuwar da ke rugar da ba ta da layin waya ita ce ke fara faɗuwa a wannan rariya.

Na biyu shi ne lokaci. Noma ba ya jiran takarda. Ambaliya takan zo ne a Agusta da Satumba. Daga nan zuwa ƙarshen kaka manomi yake yanke shawarar da za ta bi shi shekaru: ko ya sami iri da taki ya shiga noman rani ya farfaɗo, ko ya sayar da shanun huɗa, ko ya jinginar da gonar, ko ya tafi cin rani ya bar iyali. Tallafi na musamman da Gwamnatin Tarayya ta tsara wa waɗanda ambaliyar 2022 ta shafa, mai ɗauke da iri da taki da kayan sana'a, sai a cikin 2023 aka shiga rabonsa. Ya yi amfani ga waɗanda suka samu, babu shakka. Amma wanda ya riga ya sayar da sansa a watan Nuwamba, buhun takin da ya iso bayan watanni ba zai dawo masa da shi ba.

Na uku shi ne ma'auni. Idan kaya suka yi kaɗan masu bukata suka yi yawa, abin da ya fi sauƙi shi ne a raba daidai wa daida don a zauna lafiya. Sai wanda ya rasa kunya biyar a gefen gona da wanda ya rasa gonar baki ɗaya kowa ya tashi da kwano biyu. A ido adalci ne, a haƙiƙa kuwa an tauye na biyun.

Ba mu kawo waɗannan don mu tuhumi wani ofis ko wani jami'i ba. Mu duba da kyau: a cikin ukun nan, na farko da na uku a ƙauye ake haifar su, a gabanmu, wani lokaci da bakinmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da Shari'a ta tanada

Malaman fiƙihu suna da suna na musamman ga irin wannan musiba. Suna kiranta ja'iha, wato annobar da ke halaka amfani wadda ɗan Adam ba shi da ikon tunkuɗe ta, kamar ambaliya da fari da ƙanƙara da fara. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a sauke wa mai saye abin da annoba ta halaka na 'ya'yan itacen da ya saya tun suna bisa. Malaman Malikiyya suka iyakance wannan da sulusi: idan ɓarnar ta kai kashi ɗaya bisa uku ko ta wuce, a rage kuɗin gwargwadonta. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wannan babi. Hukuncin na ciniki ne, amma darasin da ke cikinsa ya fi ciniki faɗi: asara tana da ma'auni, kuma ba a barin ta a wuyan mutum ɗaya.

Hadisin da ya fi kusa da zancenmu shi ne na Ƙabisa ɗan Mukhariƙ, shi ma a cikin Sahihu Muslim. A cikinsa aka bayyana mutum uku da roƙo ya halatta gare su: wanda ya ɗauki nauyin biyan dukiya don sulhunta mutane, da wanda annoba ta share dukiyarsa, da wanda talauci ya kama har mutum uku masu hankali daga cikin mutanensa suka shaida haka. Na biyu da na uku an ba su dama har su sami abin da zai tsayar da rayuwarsu. A lura da abu biyu. An sa iyakar taimako a kan mutum ya miƙe da ƙafafunsa, wanda ya wuce ciyar da shi na kwana uku. An kuma jingina tabbatar da hali ga mutanen garinsa masu hankali, waɗanda suka san shi suka san gonarsa. Wannan ita ce kujerar da kwamitin masallaci yake zaune a kai, ko ya sani ko bai sani ba.

A shekara ta 18 bayan Hijira fari ya kama Hijaz, shekarar da ake kira ta toka. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya rubuta wa gwamnoninsa, ayarin abinci ya zo daga Sham. Masana tarihi sun ambata cewa ya naɗa mutane a sassan Madina suna kula da waɗanda yunwa ta koro, suna ƙidaya masu ci suna kawo masa rahoto, ya jinkirta karɓar zakka a wannan shekara, shi kansa kuma ya haramta wa bakinsa nama da man shanu har jama'a suka sami sauƙi. A nan ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da manoma da masu sana'a da tanadin abinci a cikin ayyukan shugaba. Saboda haka tallafin da gwamnati ke bai wa wanda annoba ta shafa haƙƙinsa ne a baitulmali. Ba alfarmar ɗan siyasa ba ce, ba a kuma tambayar wanda ruwa ya ci wace jam'iyya ya zaɓa.

Idan haƙƙi ne, to wanda ya sa sunan ɗansa ko surukinsa alhali gonarsu ba ta jiƙe ba, ya ci dukiyar wani takamaiman mutum da ke zaune a garin nan, ya kuma haɗa da shaidar zur, wadda Annabi ya lissafa a cikin mafi girman zunubai. Maganar da ake yi cewa kayan gwamnati ba na kowa ba ne, ba ta da gurbi a Musulunci.

Tambayoyin da kwamitoci ke aiko mana

Ana tambaya: manomin da yake da gona da gida, za a ba shi zakka? A mazhabar Malikiyya, faƙiri shi ne wanda bai mallaki abincin shekararsa ba, kuma gidan da yake ciki da abin da yake neman abinci da shi ba sa fitar da shi daga wannan suna. Ba a ce wa manomi ya sayar da gonarsa sannan ya cancanci zakka. Idan kuma bashin taki ko na haya ya hau kansa ta hanyar halal ya kasa biya, ya shiga cikin masu bashi, ɗaya daga cikin kashi takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa.

Ana tambaya: wanda ya karɓi tallafin gwamnati, ya fita daga lissafin zakka? Abin dubawa shi ne halinsa bayan ya karɓa. In abin da ya samu ya ishe shi shekara, ya fita. In kwano biyar ne da tabarma, yana nan a matsayinsa. Sai dai idan abin rabo ya yi kaɗan, muna gabatar da wanda bai sami komai ba.

Ana tambaya: wanda ruwa ya ci rabin gonarsa, zakka ta faɗi a kansa? Abin da ya tsira ake aunawa. In ya kai nisabi, wato wusƙi biyar, kimanin kilo 653, kusan buhu shida da rabi na mai kilo 100, sai ya fitar da ɗaya bisa goma idan noman damina ne, ko rabin haka idan da inji ya yi ban-ruwa. In bai kai ba, babu komai a kansa. Muna tunatar da waɗanda Allah Ya kuɓutar da gonakinsu a kan tudu cewa asali a mazhabarmu shi ne a raba zakka a inda ta wajaba. Bai kamata a loda ta a mota zuwa birni ba alhali maƙwabcin da ke kwari yana kwana da yunwa.

Ana kuma tambaya game da maƙwabtanmu waɗanda ba Musulmi ba, kuma akwai su a wannan yanki, musamman a ƙasar Tudun Wada da Doguwa. Zakkar farilla tana da masu ita da Shari'a ta ƙayyade. Amma tallafin gwamnati na kowane ɗan ƙasa ne, don haka wajibi ne sunansu ya shiga takardar da kwamiti zai rubuta, daidai da na kowa. Ƙofar sadaka da haƙƙin maƙwabtaka kuma a buɗe take. Haka nan makiyayin da ruwa ya tafi da dabbobinsa.

Roƙonmu ga kwamitocin masallatai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna roƙon kowane kwamiti ya buɗe littafin manoman unguwarsa tun kafin ruwa ya sauka: sunan wanda yake noma gonar da hannunsa, matsayinsa a kanta, ko gado ko haya ko jingina ko aro, abin da ya shuka, da kimanin girmanta. A ware shafi na mata masu gayauna da zawarawa da marayu, a nemi mata masu amana su tattara shi, domin akwai ƙofar da namiji ba ya shiga. A ware shafi na 'yan ƙwadago.

Idan annoba ta sauka, kada mako ya cika ba a zaga ba. Mutum uku masu hankali da amana, waɗanda ba su da gona a cikin abin da za a duba, su je tare da wakilin mai unguwa, da malamin gona in akwai shi, su gani da idonsu, a ɗauki hoto da waya kafin ruwa ya janye. A kasa asarar gida uku: wadda ba ta kai sulusi ba, wadda ta kai sulusi zuwa sulusi biyu, da wadda ta haura haka. Mun aro wannan ma'auni ne daga babin ja'iha don kowa ya san da mudun da aka auna shi.

Sannan a karanta sunayen a bainar jama'a bayan sallar Juma'a, a ba da kwana uku don gyara. Ƙarya ba ta jure hasken rana, wanda aka manta kuma zai sami bakin magana. Wannan takardar asara ce, babu abin kunya a cikinta. Takardar masu karɓar zakka kuwa daban take, sirri ce tsakanin kwamiti da gidauniya, ba a karanta ta a lasifika. Bayan an gyara, kwafi ɗaya ya tafi wurin dagaci domin ya bi hanyar hukuma, ɗaya ya zo gidauniya, ɗaya ya zauna a masallaci. Ba muna neman ƙwace aikin masu sarauta ko na ƙaramar hukuma ba ne. Muna so ne idan jami'i ya iso ya tarar da shaidar da aka riga aka tace. Matasan masallaci kuma su taimaka wa tsofaffi da mata wajen yin rajistar shaidar ɗan ƙasa da buɗe asusu tun da rani, ba tare da karɓar ko kwabo ba.

Roƙonmu ga masu bayarwa

Gidauniya ba ta da ƙarfin gwamnati, ba za ta kuma ɗauke mata nauyinta ba. Abin da muke da shi wanda babbar hukuma ba ta da shi shi ne kusanci da sauri. Wurinmu shi ne watannin nan da ke tsakanin saukar annoba da isowar tallafi, da mutanen nan da takarda ta tsallake. Don haka muna roƙon masu zakkar hatsi su miƙo ta da zarar an yi sussuka, domin a lokacin ne ake yanke shawarar sayar da sa ko riƙe shi.

Muna kuma gabatar muku da shawarar majalisar amintattu ta kafa waƙafin rumbun iri a kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin nan huɗu. Zakka mallakawa ake yi, ba a ba da ita rance. Waƙafi kuwa asalinsa yana tsayawa, amfaninsa yana gudana, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibara, Sayyidina Usman kuma ya yi da rijiyar Ruma. Wanda annoba ta shafa zai karɓi iri, ya mayar da kwatankwacinsa da kaka, mudu da mudu, babu ƙari. Injin ban-ruwa na waƙafi zai zaga tsakanin masu noman rani. Mai gona zai iya tsayar da kadada ɗaya, abin da ta bayar ya shiga rumbun. Za a rubuta kowane waƙafi da shaidu, a sanar da Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2003, domin kada magada su wayi gari suna jayayya a kansa. Tsarin tanadi a shekarun yalwa domin shekarun ƙunci ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta Suratu Yusuf.

Ga masu ba da hayar gona da dillalan taki da ke cikin wannan zaure, Alƙur'ani a ƙarshen Suratul Baƙara ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ya kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri. Jinkirin kaka ɗaya daga gare ku yana iya fin duk abin da gidauniya za ta ba mutum.

Ga hukumomi kuwa, roƙonmu cikin ladabi shi ne a rubuta wanda ya noma gona a maimakon wanda ya mallake ta, a liƙa sunayen waɗanda suka amfana a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar dagaci, a kuma yi ƙoƙari iri da taki su iso kafin noman rani ya wuce. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, a kawo mana shi da Hausa, limamai za su isar da shi daga kan mumbari.

'Yan'uwa masu girma, saukar da ruwa da ɗauke shi ba a hannunmu suke ba. Abin da ke hannunmu shi ne alƙalami da harshe, da abin da muka rubuta a kan maƙwabcinmu ranar da ba shi da kowa sai Allah. Za a tambaye mu sunan da muka ƙara, za a kuma tambaye mu sunan da muka bari.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye mu daga ruwan ɓarna da fari da kowace annoba. Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, Ya sanya albarka a dukiyar masu bayarwa, Ya yi wa shugabanninmu jagora zuwa ga adalci, Ya jiƙan magabatanmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.